Ra'ayinmu: Minti Hamsin a Bakin Ƙofar Jami'a

Kowace shekara, da zarar hukumar WAEC ta saki sakamako a watan Agusta, akwai wata sallama da malaman Turanci na wannan reshe suka saba ji. Uba ne zai tsaya a ƙofar gida bayan La'asar, riƙe da takardar da aka buga masa a shagon kwamfuta, ɗansa na tsaye a baya ya sunkuyar da kai. Yaro ya sami maki mai kyau a JAMB, ya ci kiredit a Lissafi da Kemistiri da Bayoloji, amma a gaban Turanci an rubuta D7. Uban zai ce, "Malam, yanzu yaya za a yi?" Amsar da ke bakinmu ba ta da daɗi: a jira sakamakon NECO, in shi ma bai yi ba, a sake neman kuɗi a sake zama. Daga Ƙofar 'Yandaka zuwa Ƙofar Guga, da wuya a sami malamin sakandare da bai taɓa ba da wannan amsa ba, wani ma ga ɗan cikinsa ya ba da ita.

Ƙa'idar shiga jami'a a Nijeriya sananniya ce: kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma mafi yawan kwasa-kwasai har da Lissafi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma ba su da ikon ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, jarrabawar JAMB, wadda iyaye suka fi jin tsoro, ba ta neman ɗalibi ya rubuta ko da jimla ɗaya. Tambayoyinta na canki-canka ne, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. A duk tsawon hanyar da yaro zai bi daga aji uku na babbar sakandare zuwa zauren lacca, wurin da ake tsayar da shi a ce ya tsara tunaninsa da Turanci a shafi biyu, agogo na tafiya, maki kuma na kan ingancin rubutun kansa, shi ne takarda ta biyu ta darasin Turanci a WAEC, da takwararta a NECO. A nan ne 'ya'yanmu da yawa ke faɗuwa, kuma a ganinmu faɗuwar tana da magani.

Ya kamata kowane uba da kowace uwa su san yadda takardar take, domin mun lura ko cikin malaman wasu darussa akwai waɗanda ba su sani ba. A WAEC awa biyu ake ba ta, makinta ɗari. Sashen farko insha'i ne: a ba da batutuwa biyar, ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalmomi kimanin 450. Yana iya zama wasiƙa, ko jawabi, ko muhawara, ko maƙala ta jarida, ko labari. Makinsa hamsin ne, kuma hukumar ta ba da shawarar a ɓata minti hamsin a kansa. Sauran lokacin na auna fahimta ne, mai maki ashirin, da taƙaitawa, mai maki talatin. In aka haɗa takardu uku na darasin, makinsu 170 ne, ke nan insha'i shi kaɗai ya kusa kashi ɗaya cikin uku.

To, mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Kalma 450 a minti hamsin, kalma tara ke nan a kowane minti, in har yaro ya fara rubutu tun daga daƙiƙar farko bai ɗaga biro ba. Amma mai hankali ba ya haka. Zai ɗauki minti goma ya karanta batutuwan, ya zaɓa, ya jera abin da zai faɗa. Zai bar minti biyar a ƙarshe don ya sake dubawa. Saura minti talatin da biyar, wato kusan kalma goma sha uku a minti, cikin harshen da ba da shi yake mafarki ba, a ɗakin da ya ɗauki zafin watan Mayu. Wannan ba abu ne da ya gagari yaro mai shekara goma sha bakwai ba. Amma aiki ne na hannu da na ƙwaƙwalwa tare, kamar ɗinki ko saƙa, kuma babu telan da ya koyi sauri ranar jajibirin Sallah.

Mambobinmu da suke zuwa duba takardun WAEC da NECO suna dawowa da labari iri ɗaya kowace shekara, kuma rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa yana maimaita shi. Wani yaron zai kwafe tambayar gaba ɗaya kafin ya fara, minti biyar sun tafi. Wani an ce ya rubuta wa babansa wasiƙa ya kawo dalilai uku, sai ya cinye rabin shafi yana gaishe da mutanen gida, kamar yadda tarbiyya ta koya masa, ya kawo dalili ɗaya, lokaci ya ƙare. Wani zai fara labari, ya kai tsakiya ya ga bai san inda zai kai shi ba, ya soke, ya koma muhawara. Mafi ban tausayi shi ne mai ƙoƙarin da ya nutse cikin insha'i har awa ɗaya da kwata, ya wayi gari ba shi da lokacin taƙaitawa, maki talatin suka salwanta bai ko taɓa su ba. Duk waɗannan matsalolin agogo ne kafin su zama matsalolin Turanci.

Yadda ake raba makin ma yana da darasi. Goma na abin da aka faɗa ne, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci: aya da ba a sa ba, babban baƙi da aka manta a farkon jimla, kalmar da aka rubuta ba daidai ba, aikatau da bai dace da lokacinsa ba. Kuskure ashirin sun share goman. Yaron da ke rubutu a firgice yana iya cika ashirin ɗin kafin ya gama sakin layi na biyu. Kuma kurakuran 'ya'yanmu ba baƙi ba ne a wurinmu. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Lokaci na jikin ƙaramar kalmar da ke gaba, aikatau na nan yadda yake. Turanci kuwa jikin aikatau yake taɓawa, don haka ɗan Bahaushe ke zubar da ƙarshen kalma in yana sauri. Haka yake musanya harafin p da f a rubutu kamar yadda yake yi a baki. Sai kuma sabon ciwo, gajerun kalmomin saƙon waya da suka biyo yara har cikin takardar amsa. Malamin da ya san waɗannan ramuka uku ko huɗu zai iya ceto wa ɗalibi maki biyar cikin zango ɗaya.

Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu, tun da wannan shafi namu ne kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita ce: sau nawa ɗalibin aji uku ya taɓa zama ya rubuta kalma 450 a minti hamsin kafin ranar jarrabawa? A makarantu da yawa amsar ba ta wuce sau biyu ko uku, a jarrabawar gwaji da ta ƙarshen zango, kuma sau da yawa takardar ba ta komawa hannunsa ya ga inda ya yi kuskure. Muna koyar da insha'i kamar yadda ake koyar da sunayen ƙasashe. Mu rubuta a allo cewa ire-irensa kaza ne, wasiƙar hukuma adireshi biyu gare ta, sakin layi na da jimlar jigo. Yara su kwafa, su haddace, mu tambaye su, su amsa daidai. Sun san komai game da insha'i ban da rubuta shi.

Ba lalaci ne ya jawo haka ba, kuma duk wanda ya ce lalaci ne bai taɓa ɗaukar littattafan aji guda a bayan babur ba. Mu ɗauka malama na da azuzuwa uku, kowane da ɗalibi tamanin, abin da duk wanda ya leƙa makarantun jeka-ka-dawo na cikin birni ya san ba ƙari a ciki. Takardu 240 ke nan. In ta ba kowace minti biyar kacal, ta karanta, ta ja layi, ta rubuta kalma biyu na gyara, awa ashirin ne. Awa ashirin a kan darussanta, da rajista, da girkin gida, da jegon da ba ya jira. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi arba'in a sakandare. Da haka abin yake, da ba mu rubuta wannan sharhi ba. Shi ya sa muke cewa maganar insha'i magana ce ta ƙungiya, domin a ƙarƙashinta akwai maganar yawan ɗalibai da nauyin aiki, abin da NUT ke fafutuka a kai tun kafuwarta a 1931.

Sai dai yaran da ke aji uku a bana ba za su jira a ɗauki sababbin malamai ba. Watan Mayu na nan tafe ko an gina azuzuwa ko ba a gina ba. Don haka ga abin da muke ganin zai yiwu da abin da ke hannunmu.

A ware darasi biyu a jere, sau ɗaya a mako, a jadawalin aji biyu da aji uku, a kira shi lokacin rubutu, kada a ci shi da komai. A rataye agogo a gaban allo, in babu malami ya riƙa rubuta lokacin da ya rage da alli. Kada a fara da kalma 450. A makonnin farko, minti bakwai ne: ga batu, kowa ya jera maki uku da misali ɗaya a ƙarƙashin kowane, a ajiye biro. A yi haka da batutuwa uku a zama ɗaya, har tsara tunani ya zama jiki. Daga nan sakin layi ɗaya a minti goma. Daga nan rabin insha'i. Kafin ƙarshen zango na farko a kai ga cikakke, kuma daga lokacin a riƙa yin sa duk mako biyu. Yaron da ya yi haka zai shiga ɗakin jarrabawa ya riga ya yi zaman sau goma ko fiye, ya san tsawon da kalma 450 ke ci da rubutun hannunsa, ba sai ya tsaya ƙirga ba.

Duba takardun fa? Nan ne ya kamata mu sauke wa kanmu wani nauyi da muka ɗora ba dole. Ba kowane rubutu ne sai jan biro ya bi shi layi-layi ba. Takardar da ta dawo jajur ba ta koya wa yaro komai sai karaya. A wannan mako a duba tsari kawai: akwai gabatarwa, maki uku sun fito, an rufe? Minti ɗaya ya isa. A mako na gaba a duba sakin layi na farko kaɗai don ƙa'idojin rubutu. A raba aji kashi huɗu, kowane zama a yi wa kashi ɗaya cikakken dubawa, ta yadda kowane ɗalibi zai sami nasa a kan kari. Sauran su musanya littafi da na kusa da su, da takardar abubuwa biyar da za su nema. A ɗauko rubutu biyu ba tare da suna ba, mai kyau da mai rauni, a kwafe a allo, aji ya ba su maki da ma'aunin WAEC, a yi gardama. Wasu abokan aikinmu za su ce yara ba su isa su duba juna ba. Gaskiya ne ba za su kama kowane kuskure ba, amma wanda ya saba farautar aya a littafin abokinsa yakan fara ganin tasa.

Muna kuma kira ga malaman Hausa da kada su ɗauka wannan magana ta maƙwabta ce. Insha'i na cikin takardar Hausa a WAEC da NECO, kuma zaɓen batu, da jera hujja, da sanin inda za a tsaya, ba su da yare. Yaron da ya iya tsara muhawara da Hausa a minti bakwai, rabin aikinsa na Turanci ya ƙare; saura kalmomi. Malamin Hausa da na Turanci su zauna su daidaita batutuwa, a rubuta da Hausa ranar Litinin, a rubuta makamancinsa da Turanci ranar Alhamis. Garin nan ya san wannan hanya tun da daɗewa. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta yi suna a kan Turancin ɗalibanta, kuma daga cikinta ne aka sami waɗanda suka amsa kiran gasar rubutun Hausa ta 1933. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Malaman makaranta ne dukkansu, kuma harshe ɗaya bai hana su ɗayan ba.

Akwai gajeriyar hanya da ake sayar wa iyaye, dole mu ambace ta. Ana haddatar da yara insha'i guda biyar ko shida, a ce ko wanne ya fito a juye. Masu duba takardu sun fi kowa sanin waɗannan. Sukan ga wasiƙa ɗaya, kalma da kalma, a takardu talatin daga cibiya guda, kuma rubutun da bai amsa tambayar da aka yi ba ba ya samun makin abin da aka faɗa. Mafi muni su ne cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Ban da haɗarin a riƙe sakamako, wanda ya shiga jami'a ta wannan hanya zai tarar da darasin Turanci na dole na jiran sa a shekarar farko, da rahoton bincike a shekarar ƙarshe. Duk mamban da ya sa hannu a wannan sana'a ya sani mutuncin dukkanmu yake sayarwa, kuma yana raunana bakinmu ranar da muka je neman haƙƙi.

Ba mu ce wannan irin gwaji ba shi da aibu. A Amurka, jarrabawar shiga jami'a ta SAT ta yi shekaru daga 2005 tana ba ɗalibai minti 25 su rubuta insha'i, malamai suka yi ta sukar cewa tsawon rubutu ake saka wa fiye da ingancinsa, daga baya aka mayar da shi na ganin dama, a 2021 aka janye shi daga jarrabawar gama-gari. Mu ma muna da abin faɗa a kan namu tsarin. Ba a manta da ranar 28 ga Mayu, 2025 ba, da aka jinkirta wannan takarda ta Turanci har ɗalibai a wurare da dama suka rubuta ta cikin dare da hasken tocila, hukumar ta fito ta ba da haƙuri. Ga kuma sanarwar Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, cewa WAEC da NECO za su koma kan kwamfuta. Ko an yi hakan a kan lokaci ko an jinkirta, ranar da aka ce a buga insha'i da madannai, yaron da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar JAMB zai fuskanci agogo biyu. Wannan ma dalili ne na fara shiri yanzu, domin tsara tunani cikin minti bakwai yana nan daram ko da biro ko da madannai.

Iyaye, musamman iyaye mata da wannan mujalla ke isa hannunsu ta hanyar mazajensu ko 'ya'yansu, kuna da rabo a aikin nan ko da ba ku jin Turanci. Abin da ake nema a gida minti hamsin ne na shiru, sau ɗaya a mako. Ranar Asabar da hantsi, ko Lahadi bayan an taso daga Islamiyya, a ba yarinya tabarma da littafi, a karɓe wayar, a hana ƙannenta damun ta, kada a aike ta niƙa ko ɗiban ruwa sai lokacin ya cika. Uwa ta riƙe agogo. In ta gama, a ce ta faɗi da Hausa abin da ta rubuta. In ta kasa faɗinsa a jimla uku, ba ta tsara shi ba, kuma wannan uwa na iya ganewa sarai. Mun ambaci yarinya da gangan, domin aikin gida ya fi cin lokacinta, kuma in ta faɗi Turanci sau ɗaya ba kowane gida ne ke ba ta dama ta biyu ba. Littafin rubutu mai shafi tamanin da biro biyu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sake rajista ba.

Ga shugabannin makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta jiha, buƙatunmu a wannan fage ba su da tsada. A amince da lokacin rubutu a jadawali a hukumance, don kada mai duba makarantu ya zo ya ce malami bai bi manhaja ba. A rage wa malaman Turanci da na Hausa na aji uku yawan darussa, a lissafa awannin duba takardu a cikin aikinsu. A mayar wa ɗalibai takardun jarrabawar gwaji da gyara a jiki kafin hutun zango na biyu. In za a ɗauki sababbin malamai, a fara da masu koyar da harshe. Kuɗin rajistar WAEC da NECO, ko gwamnati ce ta biya ko uba ne ya sayar da tunkiya, asara ne in aka tura yaro ɗakin jarrabawa bai taɓa gwada abin da za a tambaye shi ba.

Daga ɓangarenmu, muna roƙon mambobin da suka taɓa duba takardun WAEC ko NECO su ba da sunayensu ga sakataren reshe, domin a shirya zaman yini guda da za su nuna wa sauran abokan aiki yadda ake ba da maki, da takardu na gaske a gabansu. Duk makarantar da ta fara lokacin rubutu a wannan zango, wakilinta ya zo taron reshe na gaba da littattafan ɗalibai biyar, rubutunsu na makon farko da na makon ƙarshe, mu shimfiɗa su a tebur mu duba tare.